Kunamar da Ba Ta da Ƙari

Ranar Asabar da ta wuce, mu 'yan kulob ɗin jarida aka ba aikin kakkaɓe kantocin laburare. Muna cikin sauke tsofaffin ƙamus-ƙamus na jikin bangon gabas, sai ɗayanmu ya saki littafi ya yi tsalle yana ihun kunama. Muka taru, kowa da takalmi a hannu. Abin da muka gani bai fi ƙwayar riɗi ba. Ja ne mai duhu, da hannuwa biyu irin na kunama, yana ja da baya da sauri. Sai dai babu wutsiya.

Allah ya sa malamin bayoloji yana kusa. Ya ɗora shi a kan farar takarda, ya miƙa mana gilashin ƙara girma, ya ce mu ƙirga ƙafafu. Takwas muka samu. "Kama da wane ba ta wane," in ji Malam. Dangin kunama da gizo-gizo ne, amma ba shi da ƙari, kuma ɗan dafin da ke hannuwansa ba ya yi wa mutum komai. A kimiyya ana kiran irinsu kunamar ƙarya, kuma sun haura nau'i 3,000.

Yawancinsu a daji suke: ƙarƙashin ɓawon itace, cikin busasshen ganye, ƙasan dutse da kogo. Fitacce a cikinsu, Chelifer cancroides, wanda masanin Suwidin Linnaeus ya bayyana a 1758, shi kusa da mutane ya fi so. Ana samunsa a gidaje, rumbuna, sheƙar tsuntsaye, amya da tsofaffin littattafai. Tsawonsa kamar milimita 3 zuwa 4 ne, amma ya bazu a yawancin sassan duniya, domin kayan mutane yake bi. Wasu danginsa kuma ƙafar ƙuda ko ƙwaro suke maƙalewa a tashi da su. Tun fiye da shekara 2,000 Aristotal ya ambaci irinsa a cikin littattafan Girka.

Muka ce, "Malam, me ya kawo shi nan?" Ya ce abinci. Ba ya cin takarda. Farautar ƙananan ƙwari yake yi, musamman ƙwarƙwatar littafi, ita kuwa fumfuna take ci, fumfuna kuma danshi ke kawo ta. Muka ɗaga kai, sai ga tabon yoyo a silin, daidai saman kantar. Ƙamus uku shafukansu sun manne, suna warin ruma.

Nan kunya ta kama mu. Duk damina muna ganin tabon nan muna wucewa, babu wanda ya kai rahoto. Amma da muka ga mai gadin littattafan, takalmi muka ɗauka.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, idan kun ci karo da shi kada ku murƙushe shi, kada kuma a kawo fiya-fiya. Ku duba inda ruwa ke shigowa. Mun riga mun janye kantar daga bango, mun shanya littattafan a inuwa, mun kuma rubuta wa hukumar makaranta roƙon a gyara kwanon kafin damina mai zuwa. Shi kuwa mun mayar da shi bayan kanta. Masu son taya mu duba sauran kantocin su same mu ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe.