Ta ce kanta na ciwo, muka ce ta daure

Yau zancen ƙanwata zan yi miki, wadda muka rufe shekara biyu ke nan, ana saura kwana biyu sunan 'yarta.

A Sheda muke zaune, cikin ƙaramar hukumar Kwali, bakin titin Abuja zuwa Lokoja. Ba ƙauyen ƙayau ba ne. Gwagwalada, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja yake, ba ta kai tafiyar rabin awa a mota ba. Na faɗi haka ne don kada ki ɗora laifin a kan nisa. Kada kuma ki ce ba ta zuwa awo, katinta yana nan cikin jakata har yau.

Cikin fari ne, kuma wurina ta zo goyon ciki saboda iyayenmu suna Katsina. Tun a wata na takwas ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga. Tsofaffin unguwa suka ce alamar namiji ce, muka yi ta tsokanarta. Ta haihu lafiya a wani ƙaramin asibiti, mace, aka sallame mu tun kafin yamma. Muna haɗa kaya ta ce wa nas kanta na sarawa. Nas ɗin ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ke kaɗai kika taɓa haihuwa? Ki sha farasitamol." Ba wanda ya ɗaura mata abin awon jini. Ina tsaye a wurin, ni ma kunya ta kama ni, kamar ƙanwata ta yi raki a gaban mutane.

Rana ta uku ta ce, "Yaya, gani nake dishi-dishi, kuma nan ƙasan haƙarƙarina na dama yana min ciwo." Na ce yunwar jego ce. Na dama mata kunun kanwa, na ƙara wa ruwan wanka wuta, na ce ta daure, kowace mace da haka ta saba. Da asubar rana ta biyar jijjiga ta kama ta. Maƙwabta suka ce iska ce, aka kawo hayaƙi, aka yi tofi. Mijinta yana wurin aiki a cikin Abuja. Kafin a same shi a waya, a samu mota, rana ta fito. Likitan da ya karɓe mu a babban asibiti tambaya ɗaya ya yi min: tun yaushe take kukan ciwon kai? Da na ce kwana biyar, sai ya yi shiru. Kafin la'asar ta cika.

Shi ne ya fahimtar da ni daga baya cewa hawan jinin ciki ba ya tafiya don an sauke cikin. Yana iya kama mace har cikin kwanakin jego, kuma ciwon kan da ba ya jin magani, da ganin dishi-dishi, da ciwon saman ciki, da kumburin fuska ko hannu, su ne sallamarsa. Idan awo ya kai 140 bisa 90 a koma asibiti. Akwai allurar magnesium sulphate da ke tare jijjiga, ba ta da wata tsada.

Na daɗe ina cewa talauci ne ya ci mu, har na karanta labarin wata baƙar fata a Amurka, Shalon Irving. Tana da digirin digirgir, tana aiki a hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka, aikinta ma binciken bambancin da ake samu wajen kiwon lafiya ne. Ta haihu a watan Janairun 2017, ta yi ta komawa asibiti tana cewa jikinta ba daidai yake ba, ƙafa ta kumbura, jini ya hau, ana mayar da ita gida. Mako uku bayan haihuwa ta faɗi, ta rasu tana da shekara 36. A shekarar dai Serena Williams, gwanar wasan tanis da duniya ta sani, ta haihu ta hanyar tiyata. Washegari numfashi ya fara yi mata wuya. Ta san tana da larurar daskarewar jini, ta ce a yi mata hoton huhu a ba ta maganin tsinka jini, nas ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Sai da ta nace aka duba, aka tarar da gudajin jini a huhunta. Alƙaluman Amurka na 2021 sun nuna cikin haihuwa dubu 100, mata baƙar fata kusan 70 ke mutuwa, farare kusan 27. Ilimi da kuɗi ba su goge wannan tazara ba.

Za ki ce to mu ina ruwanmu, nan ai likita baƙi, nas baƙa, mai naƙuda baƙa. Haka ne. Amma ki zauna a layin awo rana ɗaya ki kalli yadda ake amsa wa mai riƙe da makullin mota tana Turanci, da yadda ake amsa wa Bafulatanar da ta taho daga ruga ko 'yar Gbagyin da ta sauke itace a bakin ƙofa. A can launin fata ake dubawa kafin a saurari mace, a nan zane da harshe. Ba na cewa nas-nas ɗinmu mugaye ne. Na ga ɗaya tilo tana fama da mata cike da benci tun safe ba ta karya ba, abokan aikinta da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya. Sai dai gajiyar takan sauka ne a kan wadda ba ta da bakin ramawa.

Mu kuma a gida mun riga asibiti. Mu muka koya wa yarinya cewa mai cikin fari ba ta kuka, ba ta faɗin inda ke mata ciwo gaban suruka, dauriya ita ce mutunci. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce mata kusan dubu 82 suka mutu a Najeriya a shekarar sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, Allah Ya sa ta isa ga masu buƙata. Ƙanwata dai ba tiyata ta nema ba, minti biyu ta nema a auna ta.

Na yarda kwananta ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma shi ma ciwon kan ai Allah ne Ya aiko mana da shi kwana biyar kafin nan. Maigida, idan za ka fita aiki ka bar mai ciki ko mai jego, ka bar izinin zuwa asibiti da kuɗin mota, ka faɗa a gaban mahaifiyarka don kada a tsaya nemanka a waya. Ke kuma idan kin raka wata ta ce kanta na ciwo, kada ki bar wurin sai an auna an faɗa miki lambar, ko za a ce kin cika fitina.

Bayan arba'in na sayi na'urar awon jini a wani kemis a Gwagwalada. Yanzu duk gidan da na je barka tana cikin jakata tare da sabulu da turmin atamfa, har mata sun fara ce min likitar Sheda. Watan jiya na auna wata maƙwabciyarmu kwana huɗu da haihuwa, na ga 160 bisa 110. Surukarta ta ce a bari a gama wanka tukuna. Na ɗauki jaririn na goya, na ce su same ni a bakin titi.