Na Je Gaida Goggo a Port Sudan, Na Leƙa Ƙarƙashin Teku

Da yawa daga cikinmu mun san Bahar Maliya a darasin Tarihin Musulunci ne, wato tekun da Fir'auna ya halaka a ciki. A gaɓar wannan teku ta ɓangaren Sudan akwai Hausawa masu yawa, jikokin alhazan da suka taka da ƙafa daga ƙasar Hausa za su Makka, guzuri ya ƙare ko zama ya yi daɗi, suka kafa gida. Goggona, yayar mahaifinmu, cikinsu take aure a birnin Port Sudan. Can na yi hutun makonni uku, 'yan watanni kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a lokacin Turawa na biyan kuɗi masu yawa su zo nutso a wannan ruwa, amma a gidan goggo babu wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashinsa. Da na ce ina so in gwada, sai ta riƙe baki.

"Kai ɗan nan, ubanka ya turo ka gaisuwa ne ko ya turo ka ka zama abincin kifi?"

"Goggo, da malami za ni, kuma ba nisa."

Sai da mijinta ya sa baki ta yarda, bisa sharaɗin shi zai zaɓi wanda zai kai ni.

Nutson da nake nufi shi ne wanda ake goya tulun iska a baya, a sa tabarau mai rufe ido da hanci, da takalmin roba mai kama da ƙafar agwagwa. A intanet sunaye uku ne suka fi fitowa. Akwai Sanganeb, tsibirin murjani mai doguwar hasumiyar haska wa jirage hanya, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016. Akwai Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka zauna wata guda a zurfin mita 10. Sai kuma Umbria.

Umbria jirgin ruwan Italiya ne, ɗauke da bama-bamai kusan 360,000. A watan Yunin 1940 sojojin ruwan Ingila suka tsare shi a bakin Port Sudan. Da kyaftin ɗin ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya sa aka nutsar da jirgin don kada kayan su faɗa hannun abokan gaba. Yana nan kwance a kan gefensa har yau, bama-baman na jibge a cikinsa, tare da motoci uku ƙirar Fiat. Murjani ya lulluɓe ƙarfen, kifaye sun mai da shi gida.

Ni can raina ya so. Mijin goggo kuwa bai kula da hotunan wayata ba. Wajen masuntan da yake sayen kifi ya kai ni, ya tambaye su wa ke fita da baƙi ya dawo da su lafiya. Masunta sun san inda igiyar ruwa ke ja, sun san wanda injin jirginsa ke mutuwa a tsakiyar teku. Mutum ɗaya bakinsu ya haɗu a kansa. Da muka same shi, ya nuna mana takardar shaidarsa ta koyar da nutso da ranar da aka duba tulunan iskarsa, ya kuma tambaye ni ko ina da asma ko ciwon kunne. Ni a ganina duk malamin da bai yi maka irin wannan tambaya ba, kuɗinka kawai yake so.

Ya ce sabon shiga ba ya wuce mita 12, kuma ba ya shiga cikin jirgin da ya nutse. Sha'ab Rumi kuwa, inda kifayen shak masu kai kamar guduma ke yawo, na ƙwararru ne. Dalilin ya shafi abin da kuke karantawa a Fiziks: kowace mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danna jikinka na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Shi ya sa kunne ke zafi sai ka toshe hanci ka hura a hankali. Shi ya sa kuma ba a riƙe numfashi yayin hawowa, domin iskar da ke huhu tana kumbura, tana iya yi masa rauni.

Wani tudun murjani mara suna a taswira ya kai ni, kusa da gaɓa. Mita bakwai muka sauka. Ba ka jin komai sai ƙarar numfashinka. Na ga kifi mai baki kamar na aku yana gatsar murjani, na ga wasu ƙanana ruwan lemo, ɗaruruwa, suna juyawa tare. Murjanin nan da ke kama da dutse dabbobi ne masu rai, don haka ba a taɓawa, ba a takawa. Minti talatin suka wuce kamar biyar. Umbria kuwa daga sama na hango ta, ina kwance a kan ruwa da tabarau da bututun shaƙar iska, domin wani sashenta bai yi nisa da saman ruwa ba.

Malamin ya hana ni sake nutso ana gobe zan tafi, saboda hawa jirgin sama jim kaɗan bayan nutso na iya sa iskar da ta narke a jini ta yi kumfa. Ranar sai muka tafi Suwakin, tsohuwar tashar alhazai da ke kudu da birnin, inda aka gina gidaje da dutsen murjani, yawancinsu yanzu sun rushe.

Tun da yaƙi ya tashi, Port Sudan ta cika da masu gudun hijira. A waya ta ƙarshe da muka yi, mijin goggo ya ce malamin nawa ya jingine tulunan iska, ya koma kamun kifi da jirginsa.