Yadda muka yi kiwon tsutsa a cikin injin shara

Wani abu ne ya same mu a gida, muka ga bai kamata mu yi shiru ba, tunda yanzu gidaje da yawa sun fara sayen injin share kafet.

Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ranar 10 ga Satumba, 2024 ba ta bar mana shimfiɗa ko ɗaya ba. Sai da muka ɗauki adashi sannan muka iya shiga Kasuwar Litinin, wadda ita ma ruwan bai ƙyale ba, ga shi ba ta daɗe da farfaɗowa daga gobarar Fabrairun 2023 ba. Muka sayo kafet na falo, da darduma ta ulu domin Hajiya. Canjin da ya rage muka ɗauko injin shara na gwanjo, mai jakar yadi a ciki, saboda ƙurar hunturu.

Ya yi mana aiki, ba mu raina ba. Amma ba mu taɓa tambayar kanmu ina dattin yake tafiya ba. Tsintsiya a gabanka take tara shara, dole ka kwashe. Shi kuwa inji haɗiyewa yake yi, sai mutum ya ɗauka an gama.

Ranar ƙaramar Sallah gida ya cika da yara. Aka yi miyar kuka da bandar kifi, suka ci a kan kafet, suka yi ɓarin da suka saba. Da dare muka bi da inji, ya zuƙe ƙayar kifi da ɓurɓushin banda da komai. Muka tura shi bayan kujera, inda Hajiya ke ajiye dardumarta. Wuta ta daina zama a 'yan makonnin nan, muka koma tsintsiya, muka manta da shi.

Bayan kamar wata guda muka kama ƙaramar jikar gidan, mai rarrafe, tana shirin kai wani abu baki. Tsutsa ce, ruwan ƙasa, mai gashi-gashi a jiki. Da muka janyo injin muka buɗe jakar, sai wari, ga su nan suna motsi a cikin ƙurar. Dardumar Hajiya kuwa sun cinye mata gefe guda.

Abin da ya fara zuwa mana shi ne fiya-fiya. Har an aiki yaro ya sayo, sai Hajiya ta ce a fara kai injin wurin masu gyara. Muka sa shi a buhu, muka koma Kasuwar Litinin.

Mai gyaran yana jin maganar fiya-fiya ya ajiye sukundirebarsa. Ya ce, "Alhaji, ku rufa wa kanku asiri. Wannan injin ta gaba yake zuƙar iska, ta baya yake fitar da ita. Duk abin da kuka zuba masa, ranar da kuka kunna shi ku da yaranku ne za ku shaƙa."

Wani dattijo mai sayar da busasshen kifi da ya kawo gyaran fanka ya leƙa buhun, ya yi dariya. "Ai ƙwaron banda ne, ɗana. Tun muna Baga muke fama da shi." Ya ce uwar wata 'yar baƙar ƙwaro ce mai tashi, ƙanshin busasshen kifi ko nama ko fata ke kiran ta, ta saka ƙwai, cikin 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe. Tsutsar ce mai ɓarna, kuma tana taɓa ulu saboda gashin dabba ne. Jakar injinmu ga duhu, ga ɗumi, ga abinci. Mu da kanmu muka yi mata ɗaki.

Ga abin da suka sa muka yi. Muka zazzage jakar a waje, cikin leda, muka ƙulle bakinta, aka kai bola nan take. Jakar muka jiƙa a tafasasshen ruwa da omo. Bututun da burushin muka kwance, muka cire gashin da ya nannaɗe, muka wanke. Inda injin yake ba a sa masa ruwa, goge shi muka yi da busasshen tsumma. Sannan muka shanya komai, har da kafet da darduma, a ranar Maiduguri ta bazara, kwana uku muna juyawa. Ba mu haɗa injin ba sai da ya bushe ƙarau. Muka ɗauki mako biyu muna duba bayan kujeru da ƙarƙashin kafet, ba mu sake ganin ko ɗaya ba.

Dardumar an datse gefen, tela ya dalleye ta, Hajiya tana nan tana sallah a kai. Kwalbar fiya-fiya kuma ba a buɗe ta ba, mun mayar wa mai ita.

Yanzu doka ce a gidanmu: wanda ya yi shara da inji, shi zai zazzage jakar kafin ya ajiye, kuma ragowar abinci da tsintsiya ake fara kwashewa. Duk wanda yake da irin wannan inji, don Allah ya buɗe nasa yau ya duba. Allah Ya tsare mana iyalanmu, amin.