Wa ya cancanci kujera a kwalekwalen unguwa?

Duk shekara, idan rana ta 5 ga wata na 5 a kalandar gargajiya ta Sinawa ta kewayo, koguna a kudancin ƙasar Sin kan cika da dogayen kwalekwale masu kan dodo a gaba da wutsiya a baya. Bikin Duanwu ke nan. Labarin da aka fi bayarwa game da asalinsa shi ne na Qu Yuan, mawaƙi kuma bafade a daular Chu, wanda aka kora daga fada, daga baya ya faɗa Kogin Miluo a shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An ce masunta sun bazama a jirage suna buga ganga, suna dukan ruwa da filafilai domin kada kifi ya taɓa gawarsa. Hong Kong ce ta mayar da abin gasar ƙasa da ƙasa a 1976, aka kafa hukumar wasan ta duniya a 1991, sannan UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun da aka gada a 2009.

Na shiga wannan wasa ne a birnin Guangzhou, inda na yi shekara huɗu ina karatu, ina kuma yi wa 'yan kasuwarmu tafinta a unguwar Xiaobei. Maƙwabcina, wani direban tasi, shi ya ja ni zuwa ƙungiyarsu, ba don ya ga alamar gwaninta a tare da ni ba, sai don suna neman mai cike gurbi a ɓangaren hagu. Wanda ya taɓa kallon tseren Sarkawa a Matan Fada lokacin bikin Argungu ya san yadda ƙarfin damtsen mutum ɗaya ke iya fitar da jirgi gaba. A nan lamarin ya sha bamban. Jirgin gasa na ɗaukar mutum 22: matuƙa 20, biyu-biyu a kan benci goma, da makaɗi a gaba yana fuskantarsu, da mai saita jirgi tsaye a baya. Biyun farko su ke yanke saurin tuƙi, makaɗin ma su yake kallo yana isar da bugunsu ga na baya. Ƙarfafa na zama a tsakiya. Idan filafilin ƙato ya riga na sauran shiga ruwa da ƙiftawar ido, bai ƙara wa jirgin komai ba face tangaɗi, ya kuma jiƙa na gabansa.

Ƙauyukan da birnin ya haɗiye, irin su Liede da Chebei, suna da jirage na katako da sukan binne a cikin laka domin kada itacen ya tsage, a tono su idan biki ya gabato. Suna da dangi da kuɗi da tarihi, kuma ɗa na gadon kujerar ubansa. Mu ba mu da ko ɗaya. Jirginmu na haya ne, na roba mai tauri, a wani reshe na Kogin Zhujiang. Akwai ma'aikaciyar jinya, da masu shaguna, da ɗalibai, da wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'anta wanda kowa ke kira Kawu. Ranar da aka zo al'adar ɗiga wa kan dodon jan fenti a ido, na ja gefe saboda addinina, ba wanda ya tambaye ni dalili, kuma tun daga ranar ake sayo mini abinci daga shagon Musulmi duk lokacin da aka ci tare.

Sunaye 31 ne a littafinmu, amma haɗa mutum 22 da asubar Lahadi ya fi tseren kansa wuya. Wannan yana aikin dare, wancan matarsa ta haihu, ɗalibai na jarrabawa. Sau da yawa mukan fita mu 14, jirgi ya karkace gefe guda, sai an ɗora jarkokin ruwa a bencin da babu kowa. Mutum ɗaya ne ban taɓa zuwa na tarar ba ya nan ba: Kawu. Shi ke buɗe rumfar kaya, shi ke kwashe ruwan da ya taru a jirgi, shi ke koya wa sabo yadda ake tuƙi da baya da ƙugu maimakon hannu. Sai dai ya haura shekara 60, kuma kowa ya san bayan mita 300 filafilinsa ba ya nutsewa kamar na farko.

Ana saura mako shida gasar gundumarmu, wani kamfani ya yi tayin biya mana hayar jirgi ta shekara guda da sababbin riguna, da sharaɗin mu kai zagayen ƙarshe. Ɗaya daga cikin masu shaguna ya kawo shawarar a ɗauko samari shida daga wata makarantar horar da 'yan wasa, a ba su ɗan abin sayen shayi, su zauna a tsakiya. Dokar gasar ba ta hana ba, wasu ƙungiyoyin ma haka suke yi. Ma'anar shawarar dai a fili take: mutum shida za su tsaya a bakin ruwa suna tafi, kuma babu mai shakkar sunan da zai fara fita.

Ba zan ce mai shawarar mugu ne ba. Shi ke riƙe da asusu, ya san watanni biyu ana bin mu kuɗin haya, hujjarsa kuma ita ce idan jirgi ya suɓuce, da Kawun da wanda ba Kawu ba duk sun rasa kujera. Magana ce mai nauyi. Amma na tsaya a ɗaya ɓangaren, har yau kuma can nake. Ƙaramar ƙungiya ba ta biyan albashi, ba ta da suna. Abin da kawai take iya ba mutum a madadin barcin asubarsa shi ne tabbacin cewa ranar da aka taru ana kallo, yana cikin jirgi. Idan aka karya wannan sau ɗaya, da wane baki za a sake kiran mutane atisaye a watan Janairu, lokacin da ruwa ke yanka hannu? Samarin haya za su karɓi nasu su tafi, jarkokin ruwa su dawo bencinsu.

Kawu da kansa ya nemi ya sauƙaƙa mana. Ya ce wa shugabarmu, ma'aikaciyar jinyar nan: “Ki cire ni, na yi nawa.” Ta ce: “Kawu, idan na cire ka, wa zan kalla in ce ya zo ranar Lahadi?” Aka kaɗa ƙuri'a, masu cewa a'a suka yi rinjaye da ƙyar. Abin da aka amince da shi shi ne duba littafin halarta: 20 da suka fi zuwa atisaye su ne za su tuƙa. Wannan doka ta fitar da biyu daga cikin ƙarfafanmu, kuma ɗayansu bai sake dawowa ba.

Tseren mita 500 ne, jirage shida a rukuninmu. Mun tashi da kyau, har rabin hanya muna kafaɗa da kafaɗa da na biyu. Daga nan sai abin da kowa ya sani ya faru, bayan jirgi ya yi nauyi, muka ƙare a na huɗu. Ina benci na bakwai, Kawu na gabana, ina ganin kafaɗarsa na rawa, amma ko sau ɗaya filafilinsa bai saɓa wa ganga ba. Kamfanin ya janye tayinsa cikin ladabi. Aka ƙara kuɗin wata-wata, mutum uku suka fice saboda ƙarin, ma'aji kuwa ya yi wata guda ba ya yi wa shugaba magana, ko da yake bai ajiye littafin asusun ba. A kakar da ta biyo baya dole muka koma rukunin ƙananan jirage masu matuƙa 10, domin abin da aljihunmu zai iya ke nan.

Na dawo gida tuni, amma ba su cire ni daga zaurensu na WeChat ba. Duk Juma'a shugaba kan buɗe jerin masu zuwa atisaye, kowa ya sa sunansa da lamba. A makon jiya jerin ya tsaya a 17, sai ga direban tasi ya rubuta cewa ya samu wani ɗan Ghana mai sayar da kayan waya, yana tambaya ko akwai rigar ruwa da za ta shige shi.