Lissafin Kawo Teku Ƙofar Kwaya

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, duk da cewa idan aka tona, shi ma soyayyar ce. Lissafin kuɗi ne da na yi wata uku ina yi, a kan abin da zai ci mini idan na ce sai na ajiye ruwan teku da murjani mai rai a cikin falona a nan Ƙofar Kwaya, cikin birnin Katsina. Wanda ya ga dama ya yi dariya, an riga shi.

Mu Hausawa mun san murjani a wuyan iyayenmu mata. Wancan jan murjanin daga Bahar Rum fatake suka riƙa ratso Sahara da shi, kuma da yawanmu mun tashi muna ɗaukarsa dutse ne. Alhali dabba ce, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ke gina wa kansu gida mai tauri. Irin wanda ake kiwo a akwatin gilashi ɗan'uwansa ne na tekuna masu ɗumi, kuma a cikin jikinsa akwai wani gansakuka da ke sarrafa haske ya ciyar da shi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin kusan duk tsadar daga nan ta taso.

Shekara shida ke nan ina da ƙaramin akwatin gilashi mai cin lita 80, da jajayen kifayen ado na ruwan daɗi. Waɗannan ba su da fitina, ko an ɗauke wuta yini guda sai dai ka rage musu abinci. Abin da raina ya ƙwallafa shi ne babba mai cin lita 400, na ruwan gishiri.

Gilashin ne na fara rubutawa, kuma shi ne mafi sauƙi a jerin. Masu aikin gilashi za su yanka maka mai kauri, mai walda ya haɗa maka teburin ƙarfe. Sai dai ka gaya masa gaskiyar nauyin: ruwan kaɗai ya haura kilo 400, in ka haɗa da duwatsu da yashi da gilashin kansa ka wuce rabin tan. Teburin katako ba ya cikin wannan zance.

Sai ruwa. Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, ke nan cikawar farko za ta ci kilo 14. Kuma ba gishirin miya ba ne balle ka tura yaro kasuwa, haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi daga waje. Kowane mako ana zubar da kashi 10 cikin 100 a zuba sabo, wato lita 40, a shekara gishiri ya haura kilo 70. Ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse ma ba ya yi sai an bi da shi ta na'urar tacewa irin ta masu fiya wata, wadda kan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ta ba ka lita ɗaya. A unguwar da ake kiran mai ruwa da kura, wannan ma layi ne mai zaman kansa a cikin lissafi.

To amma duk wannan wasa ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wuta da zafi.

Murjani yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27, dare da rana, rani da damina. Mu kuwa a watan Afrilu ma'aunin zafi kan taɓa 40, sannan cikin hunturu mu wayi gari muna rawar ɗari. Ke nan ina buƙatar na'urar sanyaya ruwa da kuma ta ɗumama shi, duka biyun. Idan zafin ya ɗara abin da ya saba da digiri ɗaya tak na 'yan makonni, sai murjanin ya kori gansakukan nan daga jikinsa, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ta faru ga babban shingen murjani na Ostareliya a 2016 da 2017, kuma a Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta sanar cewa abin ya game tekunan duniya karo na huɗu. Teku guda ke nan ta kasa jurewa, ina ga lita 400 a ƙarƙashin rufin kwano?

Na zauna na tara abin da kowace na'ura za ta ja. Famfon da ke juya ruwa, da masu kaɗa shi kamar igiyar teku, da mai kwashe datti ta hanyar kumfa, sun kai wat 100, kuma ba a kashe su ko na minti ɗaya. Fitilu wat 200 na awa tara. Na'urar sanyi wat 300, a ce awa goma a lokacin zafi. Jimla yunit 7 a rana, 210 a wata. A farashin naira 225 da aka yanka wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, abin ya haura naira 47,000 a wata. Wannan in akwai wutar ke nan. In babu, ruwan ya tsaya cik, cikin 'yan awanni iskar da ke cikinsa ta ƙare, ka kwanta da dukiya ka tashi da wari. Janareto kuwa, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ba mai hankalin da zai ce zai kwana yana kunna wa kifi. Saura sola da inbata. Batir ɗaya irin na ruwa mai 200Ah, abin da za ka mora a cikinsa ba tare da ka kashe shi ba bai wuce yunit 1.2 ba, famfunan kaɗai ba zai kai su safiya ba. Na rubuta batir huɗu, hannuna na rawa.

Su kansu halittun ba a gaɓar Legas ake samo su ba, domin laka da ruwan daɗin da manyan koguna irin su Neja ke zubawa sun hana irin wannan murjani yin shinge a gaɓarmu. Daga wurare irin su Indonesiya da Ostareliya suke zuwa, da dala ake biya, kuma kowa ya san yadda naira ta koma tun da aka sake ta a Yunin 2023. Masu tauri daga cikinsu na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sai da takardar izini. Bayan sun sauka Legas kuma akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 a cikin leda.

Da na nuna wa uwargida takardar, ba ta ce uffan a kan kuɗin makarantar yara ba, duk da na ga maganar a fuskarta. Cewa ta yi, "Malam, ni abu ɗaya nake tambaya. Ranar da ka tafi Kano ka kwana, batir ya mutu da tsakar dare, alhakinsu a wuyan wa yake, ni ko kai?"

Wannan tambaya ta fi duk lambobin nauyi a wurina. Kowa ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu. Akuya in ka manta da ita za ta yi kuka maƙwabta su ji, kaza za ta fita ta yi tono. Murjani ba ya kuka, ba ya guduwa, numfashinsa gaba ɗaya yana rataye a jikin wayar da ni na jona. Ni a ganina, wanda ya fara sayen dabbar kafin ya sayi batir bai yi lissafi ba, caca ya yi da ran da ba nasa ba.

Don haka na juya jerin, na ƙarshe ya koma farko. Lita 400 ta koma 200. Sola da batir su ne sayayyar farko, kuma za su haska ɗakin yara tun kafin kifi ya san da su, abin da ya sa uwargida ta sa albarka. Daga nan gilashi da na'urar sanyi. Zan cika shi da ruwan gishiri da duwatsu kawai, ba mai rai ko ɗaya, in bar shi yana aiki tun daga Maris har ruwan sama ya sauka, ina rubuta zafin ruwan da asuba da la'asar. Layin murjani da kifi yana can ƙasan takardar, ban sa masa ko sisi ba tukuna.