Ƙudan da Ya Ari Rigar Rina

Wayar hannu ta koya wa mutane wata ɗabi'a da nake so. Mutum zai ga ƙwaro a kan furen wake ko na kabewa, ya ɗauki hotonsa, ya tura wa abokai yana tambaya, "Jama'a, wannan wane iri ne?" In dai jikin ƙwaron yana da zanen rawaya da baƙi, amsar da ke fara zuwa ita ce, "Rina ce, ka yi nesa da ita."

Sau da yawa kuwa ba rina ba ce, ba kuma ƙudan zuma ba. Ƙuda ne mai shan ruwan fure, ɗan dangin da masana ke kira Syrphidae, masu iri wajen 6,000 a duniya. Ba shi da ƙari, ba ya harbi. Riga kawai ya ara.

Amfanin hoto shi ne yana tsayar da abin da ido ba ya iya tsayarwa. Ka sa yatsu biyu ka buɗa shi, ka fara da kai. Idanun wannan ƙudan manya ne, sun kusa cinye kan gaba ɗaya, a jikin namiji ma sukan haɗe a sama. 'Yan ƙahonninsa gajeru ne ƙwarai, na rina kuwa dogaye ne. Sai ƙugu: na rina a tsuke yake, nasa galibi ba haka ba. Fukafukansa biyu ne, na rina da na zuma huɗu. Amma kada ka dogara da wannan ƙidayar kaɗai, domin na rina sukan sarƙe da juna har su yi kama da biyu a hoto. Saura alama ɗaya da sai ka tambayi mai hoton: ya ga ƙwaron ya tsaya cik a iska, sannan ya wulga gefe? Wannan tsayuwar tasa ce.

Henry Walter Bates, Baturen Ingila da ya zauna a dajin Amazon daga 1848 zuwa 1859, shi ya bayyana wannan dabara ta aron riga a 1862, bayan nazarin malam-buɗe-littafi. Tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana harbi yakan guji duk mai irin wannan kala, sai marar makami ya tsira a inuwar mai makami.

Abin da ya sa nake damuwa da sunan ƙwaron shi ne gona. Tsutsar da yawa daga cikin waɗannan ƙudaje darɓa take ci, wato ƙwarin nan da ke lulluɓe ganyen wake da gyaɗa suna tsotse su. Irin da ake kira Ischiodon aegyptius ya bazu a Afirka, kuma aikin tsutsarsa ke nan. Uwar kuma tana yawo da ƙurar fure daga wannan shuka zuwa waccan. Manomin da ya ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba ya yi mata feshi, ya kashe mai taya shi aiki.

Hoto guda yakan kai ka ga dangi ne kawai. Gane ainihin iri yana bukatar a ga sassan jikin ƙwaron sosai. Don haka mai ɗauka ya ɗauka ta sama, ta gefe, da ta fuska, ya faɗi gari da wata da shukar da ya same shi a kai. A manhajar iNaturalist akwai masana ƙwari da ke duba irin waɗannan hotuna kyauta, kuma waɗanda ake turawa daga ƙasar Hausa ba su da yawa.