Ranar Da Ruwa Ya Ci Malami

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, musamman ku 'yan shekarar fari da ba ku fita koyarwar gwaji ba tukuna, ga wani abu da ya same ni. Na ga gara ku ji shi daga bakina, kafin ku ji shi a ɗakin cin abinci an ƙara masa gishiri.

Ni dai a makarantar mishan na yi karatu, can wajenmu a ƙasar Filato. Kowace safiya sai mu miƙe tsaye mu rera kashe-kashen kalmomin Turanci guda 8 kamar waƙa, watau suna, da wakilin suna, da aikatau, da sifa, da bayanau, har zuwa ƙarshensu. Kowanne mun haddace ma'anarsa, ko cikin barci aka tashe mu sai mu kawo. Saboda haka na taso ina tsammani kalma kamar ɗiyan sarauta ce, gidan da aka haife ta nan za ta mutu. Water suna ce, go aikatau ce, magana ta ƙare.

To, da lokacin gwaji ya zo, sai aka tura ni wata makarantar firamare a Ibadan, kusa da Sabo, unguwar da Hausawa su ke zaune tun 1916. Aka ba ni aji biyar, yara 46, Hausawa da Yarabawa a gauraye. Ran da malamin da ke duba mu zai zo, na yi sammako na rarraba allo gida uku, na jera sunaye a gida guda: water, book, goat, market. Malamin nan dattijo ne, Bayarabe, amma ya daɗe a Kano, Hausa a bakinsa sai ka ce can aka yanke masa cibiya. Ya shigo, ya sami benci a baya ya zauna, bai ce uffan ba.

Na ce wa yara kowa ya ɗauki kalma guda daga allo ya yi jimla da ita, sa'an nan ya ja layi ƙarƙashin aikatau. Ina zagawa da jan biro, ina taƙama, sai na iso kan wani ƙaramin yaro wanda aikinsa ne ban ruwan furannin bakin ofis. Ga abin da ya rubuta: We water the flowers every morning. Ya kuwa ja layinsa ƙarƙashin water. Nan take na soke, na ɗaga murya yadda na baya zai ji, na ce, "Kai, ba ka ga allo ba? Water ai suna ce!"

Yaron ya miƙe a hankali, ya ce, "Malam, to wacce zan ja wa layi?"

Na duba jimla. We, ba ita ba ce. The, flowers, every, morning, duk babu mai aiki a cikinsu. Na sake bi daga fari, ko Allah ya sa wata ta ɓuya. Ina! Sai na ji zufa tana bin bayana. Na ce masa, "Zauna, za mu komo kanta." Ban kuwa komo ba. Abin da ya fi ci mini rai har yau, da na waiwaya sai na ga ya goge jimlarsa mai kyau, ya rubuta I drink water, don ya faranta mini.

Da aka tashi, dattijon ya kira ni gindin wani mangwaro. Ya ce, "Samari, mutumin da ke ɗinki da safe, da la'asar kuma ya fita dillancin goro, tela ne ko dillali?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sai an ga abin da ya ke yi sa'ad da aka same shi." Ya ce, "To, me ya hana ka yi wa kalma wannan adalci?" Ya nuna mini makin da ya ba ni, ba zan faɗa muku ba, ya ce zai komo bayan mako biyu.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, na yi ta juya abin. A Hausa, in kalma za ta sake aiki, yawanci sai ta sake riga. Tsoro ya zama tsorata, ƙarfi ya zama ƙarfafa, kunnenka ma zai gaya maka. Turanci kuwa sau da yawa ba ya wannan ɗawainiya. Da rigar da water ta kwana cikin randa, da ita za ta fita ban ruwa. Haka book, yau littafi, gobe kama ɗaki a masauki. Ba abin da zai nuna maka sai mazauninta cikin jimla da maƙwabtanta.

Sai na jawo littattafan yara na mako uku, na bi su ɗaya ɗaya, na tarar ashe ɓarnar da na yi ta fi haka. My brother has tall. The load has heavy. She ran with quickly. Dā dariya na ke yi, in soke, in wuce. Yanzu sai na ga hannuna a ciki. Ni na rubuta musu tall na ce tsawo, heavy na ce nauyi. Tsawo da nauyi kuwa sunaye ne a Hausa. Sifofinmu na ainihi ba su da yawa, irin su babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, fari, baƙi, ja. Sauran da suna mu ke yin su, mu ce mai nauyi, ko yana da nauyi, ko da sauri. Yaron da aka ce masa heavy nauyi ne, in ya rubuta has heavy, ai bin malaminsa ya yi sau da ƙafa. Yarabawan ajin su nasu daban ne, he da she ke rikita su, don kalma guda ke ɗaukar namiji da mace a harshensu. Namu ba su wannan, sai dai su ce wa mota she.

Har lissafin 8 ɗin nan ma ashe ba daga sama ya sauko ba. Girkawa suka fara shi, yau fiye da shekara 2,000, ya biyo ta Latin ya iso Turanci. Wani malami a Sabo, da na ba shi labarin kunyata, ya yi dariya ya ce su a Ajurrumiya, littafin nahawun nan na mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, kashi uku kaɗai su ka sani, suna da fi'ili da harafi, Larabci kuma bai rushe ba.

Ran Litinin na kira yaron gaban aji, na sa ya rubuta jimlarsa ta fari a allo, na ce, "Shi ke da gaskiya, ni na yi kure." Aji ya yi tsit, don ba su saba jin haka ba. Daga ranar na daina ba su kalma tsirara. Kowacce sai da jimlarta, in tana aiki biyu, jimla biyu. Muka mai da shi wasa, suka yi ta kawo cook, iron, dress, hand.

Ran da dattijon ya komo, ina cikin jin daɗi, sai wata yarinya, 'yar mai sayar da awaki, ta ɗaga hannu ta karanta tata: My father goats every Friday. Na ji benci na baya yana motsi don dariya. Wannan karo ban taɓa jan biro ba. Na ɗauko ƙamus na aji, na kira ta, muka buɗe water muka ga aiki biyu, muka buɗe goat muka ga guda. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ai son kai ne." Dattijon ya sunkuya yana rubutu, kafaɗunsa suna rawa.